Yadda Sada Direba Ya Riga Kowa Isa Kasuwa

Duk wanda ya yi zaman tashar a-kori-kura ta bakin Babbar Kasuwar Katsina a zamanin soja ya san Sada, in ma bai san shi ba ya san motarsa. Yanzu in ka gan shi yana jigilar bulo da yashi, gemu duk ƙurar siminti, ba za ka ce ya taɓa yin wata sana'a mai tsafta ba. Ɗan unguwar Gobarau ne, can aka yanke cibiyarsa. Mahaifinsa maɗinkin hula ne, ya so ƙwarai ɗan ya gaje shi. Sada ya zauna gaban allura har ya gama soke yatsunsa goma, hula ɗaya ba ta fito ba, uban ya haƙura ya miƙa shi ga wani direba ya zama karen mota. Ya wanke mota, ya tare taya da dutse a kan gangara, ya sha ranƙwashi, har ya samu lasin. Da maigidan nasa ya rasu, magada suka rasa yadda za su raba tsohuwar a-kori-kura guda, suka sallama masa ita da sauƙi don a huta da rigima.

Motar nan ba ta da abin nunawa. Fentinta ya koma wani launi da ba shi da suna, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. Injinta tsoho ne mai fulogi huɗu, in an tayar da shi da safe sai ya yi ta tari kamar dattijon da ya shaƙi hayaƙin murhu, sannan ya yarda ya kama. Amma in ya kama, ya kama ke nan, bai taɓa ajiye Sada a daji ba.

Aikin Sada guda ɗaya ne, kuma shi ya riƙe shi shekara ashirin da ɗoriya. Kullum in an sallame asuba sai ya fita ta Ƙofar Sauri, unguwar da ya yi gida, ya kama hanyar Kaita, ya ratse wata burji mai shiga rugagen Fulani, ya ɗebo mata masu tallar nono ya kawo su kasuwa. Da la'asar ya mai da su da ƙorensu wankakku. Babu agogo a rugagen nan, ba a kuma bukatarsa. Da zarar tarin injin ya shigo kunne daga nesa, mata sun san lokaci ya yi, kowace ta ɗauko ƙwaryarta ta fito gindin tsamiya. Shanu ma sun saba da shi, ko kai ba sa ɗagawa.

Wanda bai san nono ba zai ɗauka ɗaukarsa kamar ɗaukar buhun gero ne. Ba haka ba ne. Kindirmo kwanciya yake yi cikin ƙwarya ya daskare, sai an sa ludayi an yanko shi, kuma wannan kwanciyar ita mai saye ke biya. In ya sha girgiza a hanya sai ya tsinke, ruwa ya taso sama, kowa ya gani ya ce an yi masa haɗi. Macen da aka taɓa zarginta da haɗi kuwa takan daɗe ba ta wanke kanta ba a kasuwa. To, Sada ya san kowane rami na burjin nan. Yana lallaɓa motar, ya shiga kwari a karkace, ya fito a hankali, nono ya iso kasuwa ko faifan rufi bai jiƙe ba. Don haka matan ba sa hawa motar kowa sai tasa. Gidan da ya gina, da tuwon da matarsa Lailatu ke tuƙawa, da takalman makarantar yara, duk daga cikin ƙoren nan suka fito. In ka raba Sada da matan nan, ka raba shi da abincinsa.

Shugabarsu Hajjo ce, wata dattijuwa doguwa siririya. Ba wanda ya naɗa ta, amma in ta ce a hau an hau, in ta ce a sauka an sauka. Ita ke zama gaba kusa da shi da ƙwaryarta a cinya. Yana ce mata Inna, ita kuwa Sada take ce masa gatsal, ba Malam ba komai, don tun ba shi da gemu ta san shi.

Abokan sana'a kam ba su bar shi ya sha ruwa ba. Hawainiya suke ce wa motar. Babban mai zolayarsa Lado ne, shi ma mai a-kori-kura, ɗan ƙwalisa, mai tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana waje yana amsa gaisuwar mutanen da ba su gaishe shi ba.

"Sada," in ji Lado a gaban jama'a, "jiya na wuce ka bakin ƙohwa, na tahi Jibiya na sauke kaya na dawo, na ishe ka ba ka canza giya ba. Lahiya dai ko?"

"Sannu ba ta hana zuwa," in ji Sada.

Sai duk tashar ta ƙarasa masa baki ɗaya: "Sai dai a daɗe ba a je ba!"

A zamanin soja wannan bai dame shi ba. Man fetur ma wuyar samu yake, mai gudu da mai rarrafe duk a layi ɗaya suke wuni a gidan mai, kuma tasa motar ta fi ta kowa haƙuri da ɗan abin da aka zuba mata.

Sai ga shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki. Gari ya sauya. Mutumin da jiya kuke cin ƙosai tare a bakin masallaci, yau ya zama Honorabul, ba ya zuwa ko ta'aziyya sai da jerin motoci a bayansa. Damina na faɗuwa kowane zaɓaɓɓe ya fito rangadin godiya ƙauyuka, rangadi kuwa ba ya yiwuwa sai da a-kori-kura: wata ta ɗauki lasifika, wata makaɗa, wata matasa masu ihu. Kakar su Lado ta yanke saƙa. Suna dawowa tasha da hula mai hoton ɗan siyasa, baki da maiƙon nama, suna ba da labarin gudun da aka zuba da wanda aka bari a baya. Sada yana gefe yana ji, ya ce a ransa bai damu ba. Ƙarya yake, ya fara damuwa.

Wata Asabar motoci suka ƙare a tasha, ɗan koren wani kansila mai suna Alhaji Babaji ya rasa wadda za ta kai kujerun haya ƙauyen da za a yi taro. Sada ya riga ya sauke matan ruga, ba shi da aiki sai la'asar, aka ba shi. Ya ɗaure kujeru har sama, ya yi bismilla, ya kama hanya. Jerin motocin Honorabul suka wuce shi tun bai bar gari ba. Ya so ya taka, amma ƙafarsa ba ta san wani tuƙi ba sai na nono, motar ma ba ta san wani ba. Ya shiga kowane rami a karkace, ya fito a hankali, kujerun ƙarfe suka isa ƙauyen ko ɗaya ba ta gogi 'yar'uwarta ba. Sai dai lokacin liman yana shafa addu'ar tashi. Dattawan gari sun sha tsayuwa, wasu sun cire takalma sun zauna a kai. Mai gabatar da taro ya hango motar tana shigowa, lasifika na hannunsa, ya kasa haƙuri.

"Jama'a, a yi wa Alhaji tafi! Ga kujerun zaɓe mai zuwa nan ya sa an kawo tun da wuri!"

Filin ya kece da dariya, har Honorabul ɗin sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Wannan dariyar ta shiga Sada inda ta Lado ba ta taɓa shiga ba. Ta tasha dariyar gida ce, wannan kuwa ta baƙi ce, da lasifika. Ya ji kunya mai zafi, irin wadda ke sa mutum ya manta duk alherin da aka yi masa. Ya juya da kujerunsa bai kwance ko ɗaya ba, yana tafe yana hararar bonet.

Ya gaya wa Lailatu zai canza inji. Tana tankaɗe, ta dakata.

"Malam, mi injin ya yi maka?"

"Ya tozarta ni gaban jama'a."

"Kujeru ne hwa suka yi latti, ba tuwo ba. Tuwo bai taɓa latti ba gidan nan."

"Ke ba ki san zamani ba. Yanzu mulkin farar hula ne, wanda bai yi sauri ba sai ya ishe an siɗe tukunya."

"To, Allah Ya sa mu ga alheri. Amma ka shawarci Inna Hajjo?"

"Hajjo bakanike ce?"

Lailatu ta ci gaba da tankaɗenta. Ta san mijinta, ba ya yawan kafewa, amma in ya kafe sai ya ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Yana da bijimai biyu da ɗan Hajjo ke kiwata masa a ruga, ajiyar da ya yi don ranar da ba a fata. Ya ce a kai su kara a sayar. Hajjo ta tambaye shi ko lafiya, ya ce wata hidima ce ta taso, ita kuma ba ta ƙara tambaya ba, don ba ta saba bin diddigin abin da ba nata ba.

Lado ne ya raka shi wurin masu sayar da injinan Beljiyam, wato tsofaffin injinan da ake cirowa daga motocin ƙasashen waje. Yadda Lado ya koma aminin Sada dare ɗaya abin kallo ne, har riƙe masa hannu yake in za su tsallaka titi. Injinan suna jere a ƙasa, kowane an ɗora shi kan tsohuwar taya. In kana son ɗaya, mai shago ya jona masa batir, ya ɗura masa fetur da gora, ya tayar maka da shi nan a ƙasa ka ji muryarsa. Akwai wani mai fulogi huɗu, ɗan'uwan nasa sak, mai tsafta, wanda da ya zauna cikin motar ba tare da an taɓa ko ƙusa ba. Mai shago ya tayar da shi, ya yi wata 'yar ƙara mai laushi. Ko kallo bai ishi Sada ba.

Sada ya zaɓi inji ne yadda mutanen unguwarsu ke zaɓen ragon layya. Ba nama ake dubawa ba, abin da maƙwabta za su ce in an jawo shi cikin lungu shi ake dubawa. Ya zagaya, ya dafa wannan, ya ƙwanƙwasa wancan da makulli kamar ya san abin da yake saurare, har idonsa ya faɗa kan wani ƙato mai fulogi shida da aka ware can ƙarshe a kan taya biyu. Aka tayar da shi. Kajin da ke kiwo wurin suka watse, mai shayin da ke gefe ya zubar da rabin kofi, tayoyin da ke ƙarƙashinsa suka fara tafiya da kansu.

"Wannan kau," in ji Lado yana ihu don a ji shi, "in ka taka shi, Kano da kanta za ta matso!"

Mai shago ya kashe, ya goge hannu, ya ce gaskiya shi wannan ba daga a-kori-kura aka ciro shi ba, daga motar manyan mutane ne. Yana nufin gargaɗi ne. Sada ya ji shi a matsayin kirari, ya ce a ɗora masa.

Usman bakanike ya sha aiki. Injin ya fi gurbinsa tsawo, sai da aka yanke gaban motar, aka turo lagireto waje, aka huda bonet aka ɗaure shi da waya. Da aka zo zaunar da shi sai aka ga robobin da inji ke zama a kai, waɗanda ke shanye rawarsa kada ta isa jikin mota, na tsohon ba su yi daidai da sabon ba. Usman ya ce sai an aika Kano an nemo. Sada kuwa ya ji raɗe-raɗin Alhaji Babaji zai sake fita rangadi.

"A yi walda," in ji shi.

"In na liƙa shi da jikin mota, duk rawar da ya yi ita ma sai ta taya shi."

"Ta taya shi mana. Ai biki ne."

"Motarka ce," in ji Usman, ya jawo abin walda.

Tsohon injin yana gefe cikin baƙin mai, ba mai kallonsa. Lado ya ɗan shure shi da ƙafa, ya ce akwai wani ɗan'uwansa a ƙauye da ke neman abin da zai ja ruwan lambu, in Sada ya yarda sai ya rage masa tarkace. Sada ya bar masa shi a kan abin da bai kai a faɗa ba, har da godiya.

Duk kwanakin da motar ta yi a gareji, matan ruga a ƙasa suke zuwa kasuwa, ƙwarya a ka, yadda iyayensu suka yi. Direbobi sun tsaya musu a hanya, Hajjo ta ce a'a, suna da mota, tana asibiti ne.

Ranar da aka gama, Sada ya yi farin ciki, kada a rage masa. Ya biyo ta gaban tasha ya danna totur, masu shayi da masu faci suka miƙe tsaye. Ya hau kwalta ya taka, iska ta cire masa hula bai tsaya ɗauka ba. Yana da shekara kusan hamsin, ranar ce ya fara wuce wata mota a hanya, kuma da ya wuce ta sai da ya fito da hannu ɗaya waje.

Washegari da asuba ya nufi ruga. Bai ga kowa a gindin tsamiya ba. Matan sun ji ƙara daga nesa sun ɗauka tirela ce ta ɓata hanya. Maruƙa suka tsinke igiya suka faɗa gonar gero, karnuka suka taso, maza suka fito da sanduna. Sai da aka gama kamo maruƙan sannan Hajjo ta fito, ta zagaya motar, ta dubi lagireton da ya leƙo waje.

"Sada, wannan ita ce lahiyar da ta samu?"

"Ƙarfi aka ƙara mata, Inna. Yanzu kafin ki gyara zama mun isa."

"Da can mun ce maka ba mu isa ne?"

Duk da haka ta ce a hau, aka hau. Da gaske ne kafin a gyara zama an isa, don ba wadda ta samu zama. Ko bai taka ba motar ta zabura, ramin da ya saba shiga a karkace yau ta kansa aka bi. Da aka buɗe ƙore a kasuwa, abin da ke ciki ba mai kiransa kindirmo.

Ya ba da haƙuri, ya ce bai saba da ita ba ne, gobe a hankali zai tafi. Ya kuwa tafi a hankali, abin ya fi na jiya muni. Ƙaton inji in an danne shi a ƙaramin giya sai ya yi ta kakkarwa, waldar Usman kuma tana isar da saƙon ga kowane ƙarfe na motar. Ƙore suka riƙa tafiya da kansu a bayan mota, mata na kamowa, haƙora na haɗuwa. Lagireto ya tafasa sau biyu kafin a shigo gari. A kasuwa wani mai sayar da fura da ya shekara da shekaru yana sayen nonon Hajjo ya sa ludayi ya ɗago, ya tsiyayar, ya ce da ƙarfi:

"Hajjo, yau kuma rijiya aka tatsa?"

Wasa yake, amma mutane sun ji. Hajjo ta rufe ƙwaryarta da faifai ta zauna har la'asar, ba ta sayar wa kowa ba. Tun tana budurwa take kawo nono kasuwar nan, ba a taɓa gaya mata irin wannan maganar ba, ko da wasa. Da za a koma ta ƙi shiga gaba. Ta tsaya a bakin ƙofar direba ta ce:

"Sada, ni ban san inji ba, nono na sani. Ka mai da tsohon. In ba ka mai da shi ba, ka bar mu da ƙafafunmu."

Mai hankali daga nan gidan Lado zai nufa. Sada gidan Honorabul ya nufa, don a lissafinsa in ya shiga jerin rangadi ko sau biyu, ya wanke kunyar kujeru, sannan ya lallashi Hajjo. Ya tarar da ƙofar gidan cike da mutane zaune kan dakali, waɗanda aka je yi wa godiya ne suka biyo sawun alkawari. Alhaji Babaji ya yi mota mai baƙin gilashi, ta ƙofar baya yake shiga yake fita. Ɗan koren ya fito, ya dubi a-kori-kurar da ke kakkarwa a tsaye, ya ce a kashe ta tukuna ya ji abin da ake cewa.

"Rangadi? Wane rangadi? Ai an gama godiya. Sai kuma zaɓe ya matso."

Sada ya tsaya da makulli a hannu. Sai a lokacin ya tuna bijimansa.

Ya sami Lado a tasha ya ce ya dawo masa da injinsa, zai mai da abin da ya karɓa har da ƙari. Lado ya tafa hannu, ya yi salati, ya ce ina ma jiya ya zo, ai injin ya tafi ƙauye. Sada ya koma wurin Usman ya ce a yanke waldar, a aika Kano a nemo robobin. Usman ya jawo kayan aikinsa ya fara yanka. Motar ta sake kwanciya a gareji. Ruwa kuwa kullum sai an yi, burji ta zama taɓo, matan ruga suna tafe a ƙasa da ƙore a ka, zani a jiƙe.

Wata safiya Sada ya dawo daga masallaci ya kishingiɗa a zaure, ba inda za shi. Sai ya ji tari daga bakin titi. Ya tashi zaune. Ko cikin injina dubu ba zai ɓata wannan tarin ba. Ya fito ba takalmi, ya hango motar Lado tana fita ta Ƙofar Sauri tana kama hanyar Kaita, a hankali, Lado ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

Ashe injin Lado ya daɗe da bugawa, gudun rangadi ya cinye shi, rangadin kuma ya ƙare. Tsohon injin Sada bai je ƙauye ba, a motar Lado aka ɗora shi. Ko tun ranar da ya riƙe wa Sada hannu suka tsallaka titi yake da wannan niyyar, ko daga baya ta zo masa, Allah kaɗai Ya sani. Abin da aka sani shi ne, matan ruga sun ji tarin da suka sani, kowace ta ɗauko ƙwaryarta ta fito gindin tsamiya da murna, suka tarar da wata fuska. Hajjo ta dubi ƙafafun matan da taɓo ya cinye, akwai mai tsohon ciki a cikinsu, ta ce a hau.

Da robobin suka iso aka ɗaura, rawar motar ta ragu, ba ta daina ba. Sada ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ruga. Tun daga nesa ya kashe injin ya gangara shiru don kada maruƙa su firgita. Ya tarar ana lodi. Lado ya taso ya tarye shi da gaisuwa mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa, yaya jikin motar, bai bar ko ɗaya ba. Sada ya wuce shi ya durƙusa gaban Hajjo.

"Inna, an gyara. Wallahi an gyara. Ki sa ƙwarya ɗaya a baya ki gani."

"Da nonon wa za a gwada, Sada?"

Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Wasu ya ɗauko su ranar da aka kawo su amare, wasu a bayan motarsa suka yi wayo. Kowace ta sunkuyar da kai tana gyara faifai. Ba ƙiyayya ba ce, kunyarsa suke ji, kuma kowace da bakin da ke jiran abin da ke cikin ƙwaryarta.

"Na ce maka ka mai da tsohon," in ji Hajjo. "To ga shi ya dawo. Mu ba mu canza komai ba."

Ta shiga gaba ta ɗora ƙwaryarta a cinya. Lado ya rufe mata ƙofa da ladabi.

Burjin ba ta da faɗin da mota za ta wuce mota, dole Sada ya bi bayansu. Ya ga Lado na shiga rami a karkace yana fitowa a hankali, bai ƙware ba tukuna amma yana koyo. Ya ga bayan matan, da ƙore a jere ba mai motsi. Baƙin ciki ya kama shi, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi, abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da aka hau kwalta lagiretonsa ya fara huci, injin ba ya jure rarrafe. Ya taka. Kafin ƙiftawar ido ya wuce su, wasu daga cikin matan suka ɗaga masa hannu.

Shi ya fara isa kasuwa. Masu shaguna ma ba su gama buɗewa ba. 'Yan dako suka taso da gudu, suka leƙa bayan motar, suka koma inda suke. Ya kashe injin ya zauna a ciki, ba abin saukewa, ba wurin zuwa. Rana ta ɗaga sosai sannan ya ji tarin yana shigowa.

Ya bari har suka sauka suka jera ƙorensu a inuwar da suka saba. Bai karya ba tun safe, ya je ya tsuguna gaban Hajjo kamar kowa, ya ce a zuba masa. Ta ɗaga faifai, ta sa ludayi ta yanko kindirmo, yana kwance luf. Ta miƙa masa a ƙoƙo. Ya sa hannu a aljihu, sai ya tsaya. Shekara ashirin da ɗoriya yana kawo nonon nan kasuwa, kullum ita ke zuba masa na farko kafin ta sayar wa kowa, bai taɓa sanin yadda ake sayar da shi ba.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "nawa ne ludayi?"

Hajjo ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta faɗa masa, yadda take faɗa wa kowa.